Garka Bakwai, Lamba Ɗaya

Shekara shida na yi ban taka Arlit ba, uku a Tamanrasset, sauran a wuraren da ba na son mahaifiyata ta ji sunansu. Da na dawo sai na tarar kamar an ba da garin aro an mayar da wani. Ramin ma'adinan Akokan ya rufe. Motocin da ke kwasar ma'aikata sun zama inuwar awaki. Telan unguwarmu ya sayar da kekensa ya sayi ma'aunin zinariya. Mai shayin bakin otogar, tashar motocin gari, yanzu panno yake sayarwa, faifan nan mai kama hasken rana, shayin kuwa sai ka sayi panno ake zuba maka. Yarinyar da na ce ta jira ni ta jira ni, amma a gidan wani, da ƴaƴa biyu.

Duk waɗannan na haɗiye su. Abu biyu ne suka tsaya mini a wuya: abokina Bilyaminu ya zama injiniya, usur ɗin Kawu Mano kuma yana nan yadda na bar shi.

Ni da Bilyaminu tare muka shiga lekol karatun boko, tare aka kore mu. Lokacin da na tafi, tsani yake riƙe wa masu gyaran kuran, wato lantarki, a Akokan. Da aka rufe ramin sai ya fito da farar hular kwano, da gilashin da ba na ciwon ido ba, da allo a ƙofar shago: INJINIYA BILYAMINU, LANTARKI DA ABIN DA YA FI LANTARKI. Ya ce mini shekara tara ya yi a ƙarƙashin ƙasa, kuma in abu ya gagari manya sai ka ji ana cewa a kira Bilya. Na tambayi wani tsohon ma'aikaci. Ya ce gaskiya ne, ana kiransa, duk ranar da tsani ya ɓata.

Kawu Mano yayan mahaifiyata ne, mutumin Abzin, mai ƙarancin magana. Shekara ashirin da shida yana rabon ruwa a garake bakwai, lambunan da ke bayan Akokan. Foraj ɗaya gare su, rijiyar burtsatse, da shato ɗaya, tankin da ke sama, pompon kuma da rana yake aiki, sai ya yi wuni biyu kafin shaton ya cika. Ruwan ba ya isar kowa lokaci guda, sai bi da bi. Kawu zai zauna bakin garka da ƴar butar shayinsa, ya busa usur, ya buɗe robine, kan famfon garkar. In ya sha kofi uku ya rufe, ya ɗauki buta ya matsa gaba. Shi ba shi da garka. Abin da masu garka ke ba shi, wannan shu, wato kabeji, wancan karoti, waccan albasa, shi ne tukunyar gidansa. Yana da wata dabara da ban taɓa lura da ita ba sai bana. Ba ya fara rabo daga garkar kowa. Inda ya tsaya jiya, nan yake ɗorawa yau. Rabon ya zama zobe, ba kai ba gindi, har shi kansa ya ce ya manta daga ina ya soma.

Kwana uku kafin in iso, Bilyaminu ya miƙe a reniyon masu garka, taron da suke yi, ya ce abin kunya ne. Duniya ta kai wata, su suna auna ruwa da shayi. Shi zai sa wa kowace garka robine mai buɗe kansa da akwati mai hankali, ruwa ya raba kansa, ba son kai, ba kofi na huɗu. Ya yi ta zuba har aka yarda. Aka ce Asabar ta mako uku, in na'urarsa ta shayar da garake bakwai bi da bi ba hannun mutum, Kawu Mano ya ajiye usur ya tafi gida. Aka tambayi Kawu. Ya ce to.

Ni aka jawo ni ciki ne don Bilyaminu ya sayi akwatunan a hannun wani direba, da takardar bayani cikin harshen da ba wanda ya iya a Arlit, ya kuma san na yi shekara uku ina bin wani Balarabe mai sa irinsu a gonakin Tamanrasset. Zaman banza ya ishe ni, na yarda. Tun ranar mahaifiyata ta daina sa mini nama a miya.

Abin ba wuya gare shi, na kuma yi masa bayani a shagonsa. Kowane akwati akwai ƴar ƙwaƙwalwa a cikinsa da ba ta kai ƙwallon dabino ba. Waya biyu a murɗe kamar igiya suna fitowa daga babban akwati, wanda muke kira shef, a gindin shato. Su ratsa akwatin farko, su wuce na gaba, har na bakwai. Masu sana'ar suna ce wa tsarin RS-485. Duk maganar akwatunan ta wannan hanya ɗaya take bi, harafi bayan harafi, kamar raƙuma a ayari. Don haka shef kaɗai ke fara magana. In ya kira lamba, mai lambar kaɗai ke amsawa, sauran su yi gum. Kuma ba akwati biyu da za su riƙe lamba iri ɗaya, in ba haka ba maganarsu ta yi karo a cikin waya, shef bai ji komai ba sai hayaniya.

Bilyaminu ya ce ya san wannan tun ban iya ɗaura wando ba, gwada ni yake. Can ya ce, cikin wayoyin nan biyu wacce ce macen.

Da farko ya ce a rataya wayar a sama don mutane su ga aiki. Muka ja ta daga itace zuwa itace, ta ƙetare hanya. Na ce ta yi ƙasa. Ya ce ya auna da ido, idon injiniya. Ba a yi awa ɗaya ba Baba Alkassoum ya zo a kan moto. Dattijon Abzin ne da ko surukansa ba su taɓa ganin bakinsa ba. Waya ta kama rawaninsa, moto ta wuce, rawani ya tsaya. Mita biyar ya warware yana kaɗawa kamar tuta, tsoho ya dira da tafin hannu a kan baki, gaban mata huɗu masu tsinkar ganyen salati. Bilyaminu ya ruga ya ce masa ya yi haƙuri, amma ko ba komai yanzu kowa ya shaida wayar tana da ƙarfi.

Sai muka binne ta. Washegari Hajiya Siddiƙa, Badamagariya mai garka ta shida, wadda bakinta ya fi fartanyarta kaifi, ta sare ta wuri uku tana huɗa. Ta tattara guntayen ta ɗaure tumatir. Da Bilyaminu ya ce mata wayar sadarwa ce, ta ce ai kuwa ta sadar, tumatir ɗinta ya miƙe.

Shi ya haɗa wuraren da aka sare, ya hana ni taɓawa. Da muka kunna, akwati uku suka yi shiru. Ya ce zafi ne. Ya jiƙa tsumma ya lulluɓe su, ya tsuguna yana yi musu fifita da hular kwano. Da bai yi ba ya ce baƙunta ce, ba su saba da ƙasar ba. Na tone na ga ya juya wayoyin, ta dama ta koma hagu. Na gyara, suka amsa. Ya ce dama ya san sanyin tsumman sai ya ɗan jima yake ratsawa.

Akwai kuma ƴar resistans da ake sawa a ƙarshen waya, ba ta fi ƙwayar shinkafa ba, aikinta ta hana magana dawowa kamar amsa daga dutse. Na neme ta na rasa. Ya ce ya share ta da shara, don ba a gina babban aiki da ƙaramin abu. Ya ciro wata babba daga cikin tsohon dutsen guga ya ɗaura, ya ce babba ta fi ƙarama ko a mutane. Akwatunan bakwai suka kurumce gaba ɗaya. Muka wuni muna tankaɗe rairayin shagonsa da rariyar matarsa, maƙwabta suna leƙe suna tambaya ko zinariyar Tchibarakaten ta iso Akokan.

Duk wannan wasa ne. Rigima ta taso ranar da na ba akwatunan lamba.

A cikin kowane akwati akwai ƴan makunnai ƙanana da ake ɗagawa ko a sauke, su ne lambarsa. Na bi yadda waya ta bi, daga shato zuwa ƙarshe, ɗaya zuwa bakwai. Bilyaminu kuma ya ɗauko fenti ya rubuta lambobin a jikin akwatunan, kowace kamar kan mutum. Garkar da ta fi kusa da shato ta Illi ce, wani matashin direba da bai shekara biyu da sayenta ba. Shi ya zama na ɗaya. Baba Alkassoum na huɗu, Hajiya ta shida. Malam Musa, mutumin Tahoua, tsohon shugaban ma'aikata a rami kuma mai jan su salla, shi ne na bakwai.

Kafin hantsi sun cika gindin shato. Baba Alkassoum ya ce ubansa ya yi kiwon raƙuma a nan tun ba a san akwai dutse mai kuɗi a ƙasa ba, yau shi ne na huɗu bayan mai tuƙa mota. Hajiya ta ce marigayi mijinta ne ya kawo irin karoti na farko garin nan a cikin aljihunsa, da ba don shi ba da har yau ƙaya suke ci. Malam Musa ya ce shi ba ya neman girman duniya, amma mutum sau biyar a rana yana gaba, a ce a wurin ruwa shi ne na ƙarshe, wannan akwai abin dubawa. Illi ya ce shi bai roƙa ba, amma abin da Allah ya ba mutum ba ya mayarwa. Na yi ƙoƙarin cewa lambar nan ba girma ba ce, suna ne kawai da shef zai kira. Hajiya ta dube ni sama da ƙasa.

"Ɗan Lalla, in ba girma ba ce, ba ni ɗayan ka ba shi shidan."

Kawu Mano yana gefe yana ɗaga buta sama, shayi na zuba a kofi, bai ɗago kai ba.

Bilyaminu ya ɗaga hannu ya ce kowa ya kwantar da hankalinsa. Ya goge fentin da fetur, ya ce daga yau lamba ta zama sirrin injiniya. Ya sayo kwaɗo bakwai ya kulle akwatunan, ya rataya makullan a ɗamararsa suna kaɗawa in yana tafiya.

Daga nan na fara ganin alheri yana shiga shagonsa. Yau cuku goma a cikin tabarma. Gobe zabbi biyu. Jibi sabon takalmin fata. Na tambaya, ya ce jama'a sun fara gane darajar ilimi.

Malam Musa kuma ya kawo wata magana, ya ce akwatin da zai shigo da ruwa gonar mutum ba sallama ba shi da tarbiyya. Bilyaminu ya ce ya riga shi tunani. Ya sayo ƙananan amsa-kuwwa bakwai a kasuwa, ya ɗauki muryarsa a kowace, yadda duk lokacin da shef ya kira akwati sai ya yi sallama ya faɗi sunan mai garka. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana gwadawa, shi da mai garka kawai, bayan ya zare wayar sauran, wai kada kuran ya yi yawa. Kowa ya fito daga gwajin yana murmushi. Ni ya aike ni Arlit neman tiyo.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Illi ya ja ni gefe ya ce in gode wa abokina, ya riƙe amana, bai sauke shi daga inda Allah ya ɗora shi ba. Ban yi taku ashirin ba Hajiya ta cusa mini salati a hannu, ta kashe ido ta ce in gaya wa injiniya bakinta a rufe yake. Baba Alkassoum kuwa, da ke ɗauke kai in ya gan ni tun ranar rawani, sai ga shi yana tambayar lafiyar mahaifiyata.

Na sami Bilyaminu yana goge hular kwano da man gyaɗa.

"Bilya, mutum nawa ka ba lamba ɗaya?"

"Waɗanda suka cancanta."

"Nawa ne suka cancanta?"

Ya hura hular ya ƙara gogewa. "Ɗalha, duk dattawa ne. Wa zan ɓata wa?"

Bakwai ɗin duka. Ya ce in daina zare ido, ya riga ya warware matsalar. Ya gyara shef, maimakon ya kira ɗaya zuwa bakwai, zai kira lamba ɗaya sau bakwai. Kowa sai ya amsa a nasa lokacin. Na ce ta yaya akwati zai san kiran nasa ne. Ya ce mako biyu suna kan waya ɗaya, ai sun san juna.

"In ka tsaya tsakiyar kasuwa ka ce Alhaji, mutum nawa ke waiwayowa?"

"Wanda na nufa."

"Duka suke waiwayowa, Bilya."

"Mutane ke nan. Wannan na'ura ce, ba ta da son kai."

Na ce ya ba ni makullan in mayar da lambobin. Ya dafe ɗamara. Na ce zan gaya wa masu garka. Ya ce bismilla, in fara da Hajiya, in ce mata ita ce ta shida. Na tuna bakin Hajiya, na fasa.

Sai na tafi wurin Kawu. Na same shi bakin garkar Malam Musa, rabonsa na ƙarshe ke nan in abin ya yiwu. Na zayyana masa komai. Ya miƙo mini kofi, ya tambaye ni abu ɗaya: robinen nan na zamani, in aka ɗauke musu kuran, rufewa suke ko tsayawa suke inda suke? Na ce tsayawa suke. Ya ce to. Ya busa usur, ya rufe ruwa, ya kwashe kayan shayinsa.

Asabar da hantsi an kafa rumfa gindin shato, an jera kujeru. Wakilin meri, ofishin magajin gari, ya zo cikin farar shadda. Rabin Akokan ya zo, don tun da aka rufe rami ba a samu abin kallo kyauta ba. Shato cike yake, don wuni biyu Kawu yana tsimin ruwan, garake kuma sun kwana da ƙishi don a ga aikin na'ura da kyau. Masu garka bakwai suna gaba, kowa yana yi wa sauran kallon tausayi.

Bilyaminu ya yi jawabi. Ya fara daga Annabi Nuhu, ya biyo ta kan jirgin sama, ya sauka a kansa. Ya karɓi usur daga hannun Kawu ya ajiye a faranti. Sannan ya yi abin da ko ni bai gaya mini ba: ya kwance ƙarfen da ake murɗa babban robinen shato da shi, ya miƙa wa wakilin meri kyauta, ya ce a ajiye don jikoki su ga yadda aka sha wahala a da. Aka yi tafi. Wakili ya ba direbansa, direba ya sa a bayan mota, ya ja motar ya tafi kasuwa sayen kaji.

Bilyaminu ya ce da sunan Allah, ya danna maɓalli.

Daga bakin shato har ƙarshen garake, muryarsa ta tashi wuri bakwai lokaci guda. Salamu alaikum, garkar Illi, lamba ɗaya. Salamu alaikum, garkar Hajiya Siddiƙa, lamba ɗaya. Garkar Baba Alkassoum, garkar Malam Musa, lamba ɗaya, lamba ɗaya. Sunaye suka cakuɗe, amma lambar ta fita tas, don ita ce kaɗai suka yi tarayya a kai. Robine bakwai suka yi ƙara suka buɗe.

Jama'a suka yi tafi, sun zaci haka aka tsara. Masu garka ba su yi ba. Hajiya ta juya a hankali ta dubi Malam Musa. Malam Musa ya dubi Baba Alkassoum. Baba Alkassoum ya ja rawani har gindin ido.

Shef kuwa ya kira lamba ɗaya, bakwai sun amsa tare, bai ji komai ba sai hayaniya. An koya masa in bai ji amsa ba ya sake kira, kuma ba ya ba da umarnin rufewa sai ya tabbata an buɗe. Sai ya sake kira. Salamu alaikum. Ya sake. Salamu alaikum. Wata tsohuwa a bayan rumfa tana ta amsawa har ta gaji.

Bilyaminu ya ce wa wakili wannan shi ake kira gaisuwar buɗe taro, yanzu za su jeru. Bai rufe baki ba tiyon da ya haɗa da roba a bakin garkar Illi ya fice, ruwa ya yi tsalle ya sauka cikin rumfa. Farar shadda ta zama ruwan ƙasa. Kujeru suka kife. A garkar Hajiya ruwa ya fasa kunya ya kwashi dashen albasarta ya kai wa Malam Musa. Ta cire takalmi ɗaya ta riƙe a hannu.

"Bilyaminu ɗan gidan Rahama, zabbina biyu ka ci ka sayar mini da abin da ka sayar wa gari?"

Baba Alkassoum ya ce shi cuku goma ya ba da, amma bai san Hajiya ma ta ba da ba. Malam Musa ya ce shi takalmi ne, kuma ga shi can a ƙafar ɗan banza. Illi ya ce shi ya kai shi Agadez ya dawo da shi kyauta.

Na ce a rufe babban robine. Aka ce ƙarfen yana kasuwa wurin kaji. Bilyaminu ya ruga akwatin farko da makullai, santsi ya kwashe shi, ya zauna daɓas cikin laka, makullan suka nutse. Ya shiga lalube da hannu biyu, hular kwano na yawo a kan ruwa, muryarsa kuma daga wuri bakwai tana yi masa sallama. Na fizge wayar batir. Muryoyin suka mutu. Ruwan bai mutu ba, robinen sun tsaya a buɗe kamar yadda na gaya wa Kawu.

Sai na hango Kawun. Ya naɗe wandonsa zuwa gwiwa, ya ratsa ruwan ba gaggawa, ya sa hannu a aljihu ya fito da wata tsohuwar kile, sifanar da hannunta ya sha ɗauri da fata. Ya kama kan babban robine ya murɗa. Ruwa ya ragu, ya zama zare, ya tsaya. Ya ɗauki dutse ya hau matakalar shato yana ƙwanƙwasa jikinsa daga sama zuwa ƙasa, yana saurare. Ya sauko ya ce kashi ɗaya cikin uku ya rage.

 Rabin ruwan ya tafi hanya da rumfa, garaken ƙarshe ko jiƙa ba su yi ba, ga rana ta ɗaga. Abin da ya rage ba zai kai kowa ba kafin jibi. Nan take baki bakwai suka buɗe, kowa yana cewa shi za a fara ba, kuma yana da shaida, jama'a sun ji da kunnensu.

Kawu ya jira suka gaji. Ya ce shi yanzu ba shi da usur, ba shi da ta cewa, amma a yadda ya taso, in ruwa ya yi kaɗan a rijiya babba ne ke sha daga ƙarshe. Don haka duk wanda shi ne na ɗaya ya fito a san shi, ya haƙura har jibi.

Ba wanda ya motsa.

Hajiya ta mayar da takalminta ta ce ita mace ce mai rauni, ina ita ina ɗaya, mijinta ma karotin nan ba shi ya kawo ba, ƙaninsa ne. Baba Alkassoum ya ce ubansa raƙuma ya yi kiwo, raƙumi kuma ba garka ba ne. Malam Musa ya ce shi tun farko ya faɗa ba ya neman girman duniya. Duk suka juya ga Illi. Illi ya ce shi yaro ne, jiya jiya ya zo, a gaban iyayensa ko na bakwai ya yi masa yawa.

Wakilin meri ya matse bakin rigarsa, ya ɗauko farantin daga cikin laka, ya miƙa wa Kawu usur da hannu biyu. Ya tambaye shi to daga ina zai fara.

"Daga inda na tsaya," in ji Kawu.

Ya girgiza usur ɗin ruwa ya fita, ya busa.

Bilyaminu ya taso daga laka ya ce wa duk mai son ji, a kimiyyance an yi nasara, don ba a taɓa shayar da garka bakwai cikin minti ɗaya a ƙasar nan ba. Malam Musa ya sa shi ya cire takalmin a wurin, ya tafi gida ba takalmi. Kwana huɗu yana dashen albasa a garkar Hajiya, tana zaune a inuwa tana kiransa injiniya duk lokacin da ya karkata layi. Robinen zamani aka kwance su aka mayar da na da. Wayar RS-485 yanzu tana riƙe da tumatir a garka bakwai, Hajiya ta ce ba a taɓa kawo musu puroje mai amfani kamarsa ba. Ranar Lahadi na ga tsoka biyu a miyata.

Ni dai ƙafata ta fara ƙaiƙayi. Na sami wuri a motar Rhissa mai zuwa Tchibarakaten, na wanke kayana, na ɗaure bargo da jarka. Ina cikin cusa kaya a jaka jiya sai ga Bilyaminu da buhu a kafaɗa, akwatunan suna ƙara a ciki. Ya ce ya ji labari, kuma Allah ne ya haɗa tafiyar. Can ramukan zinariya sun fi ɗari, kowane da injin iska, ba mai tsara su. Waya biyu kawai ake bukata. Zai kafa kamfani, ya riga ya yi magana da masu rami uku ta waya, duk manyan mutane ne. Ya dafa kafaɗata ya rage murya.

"Kada ka gaya wa kowa, Ɗalha. A kamfanin nan kai ne nimero ɗaya."

Da la'asar na je biyan Rhissa kuɗin mota. Ya ja ni bayan mota ya ce akwai wani sirri, abokina injiniya ya ba shi wani matsayi, amma ya ce kada ya faɗa.

Na gaya wa Bilyaminu motar Alhamis za ta tashi. Na ɗaure jakata tun yau, don a gaskiya Laraba za ta tashi.